Laifin koci ne ko na 'yan wasa? Yadda ake auna wasa bayan an tashi

"Koci, barka da aiki. A wasanmu na ƙarshen mako mu muka fara ci, kuma mun fi su riƙe ƙwallo nesa ba kusa ba, amma aka tashi sun doke mu biyu da ɗaya. A ƙwallo ta biyu, lamba biyar ɗinmu aka yanke kamar ba ya wurin. Kafin nan kocinmu ya cire lamba goma ya sa ɗan tsakiya mai tare baya. Tun ranar muke musu da abokaina. Wasu sun ce a sayar da lamba biyar, wasu sun ce koci ne matsoraci, ni kuwa na rasa inda zan tsaya. Ta yaya mai kallo zai gane ko laifin tsarin koci ne ko na 'yan wasa?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma uku ce a ciki. Kana so ka san ko wanda aka yanke shi ne mai laifin ƙwallon, kana so ka san ko riƙe ƙwallo hujja ce cewa kun fi su wasa, sannan kana so ka san ko canjin da koci ya yi ne ya jawo muku. Ban kalli wasan naku ba, don haka ba zan yanke wa kowa hukunci ba. Abin da zan iya ba ka shi ne yadda ni nake bi in wasa ya ƙare, bayan shekarun da na yi ina horar da matasa, ina kuma zama gaban bidiyo ina tsayar da hoto ina mayar da shi baya har idona ya yi ja.

Fara da sanin cewa ido yana yaudarar mai kallon ƙwallo, kuma akwai dalili. A cikin minti 90, lokacin da ƙwallo take yawo a fili da wuya ya kai minti 60, sauran yana tafiya a jifa, bugun tazara, rauni da ɓata lokaci. Raba wannan tsakanin mutum 22, za ka ga kowane ɗan wasa bai kai minti uku da ƙwallo a ƙafarsa ba. Sauran minti tamanin da wani abu yana gudu ne, yana tsayuwa a gurbi, yana rufe hanya, yana jan abokin karawa zuwa wani wuri. Kyamarar talabijin kuwa ƙwallo take bi. Ke nan mafi yawan aikin ɗan wasa ana yin sa ne a wajen hoton da kake gani. Ƙara da cewa ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, biyu zuwa uku a wasa in an kwatanta, sai ya zama abu ɗaya tak, sulɓewar ƙafa ko ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, yana iya juya labarin wasa gaba ɗaya. Da kun tashi ɗaya da nema, da yanzu abokan naka suna yabon koci cewa ya san lokacin rufe gida. Canji ɗaya, minti ɗaya, mutum ɗaya.

Koma baya daƙiƙa goma sha biyar

Wannan ce dokata ta farko, kuma in ita kaɗai ka ɗauka daga amsar nan ta ishe ka. Duk ƙwallon da aka ci ku, kada ka fara kallo daga inda aka yanke lamba biyar, wato mai tsaron baya na tsakiya. Koma inda ƙwallon ta kuɓuce muku, ka tsayar da hoton, ka ƙirga: mutum nawa namu ne a bayan ƙwallo, mutum nawa nasu ne a gaba? Wa ya fi kusa da mai ƙwallon, kuma me ya yi a daƙiƙa biyun farko?

Na koyi wannan ne ta hanya mai ciwo. Akwai wani yaro da nake sa wa a tsakiyar baya, dogo, mai natsuwa, ba mai gudu sosai ba. Wata rana aka ci mu biyu a zagaye na biyu, duka ta wurinsa. A ta biyun ma har zama ya yi a ƙasa da ɗan gaban ya kaɗa shi. Masu kallo suka yi masa ca, ni ma a raina na gama yanke cewa benci zai zauna mako mai zuwa. Da daddare na buɗe bidiyon. A ƙwallo ta farko, ɗan gefenmu na hagu ya yi ƙoƙarin yanke mutum biyu, aka ƙwace, ya tsaya ya ɗaga hannu yana neman alƙali ya busa. Lamba uku, mai tsaron baya na hagu, ya riga ya wuce shi da gudu yana jiran a ba shi. Lamba shida, ɗan tsakiya mai tare baya, ganin gefen ya zama wayam, sai ya taso ya bar tsakiya don ya tare. Bai kai ba. Fasin ɗaya aka yi ta inda ya baro, sai ga yaron nan shi kaɗai a gaban mutum biyu, ga fili kusan mita arba'in a bayansa. In ya fita wa mai ƙwallo, a ba ɗayan. In ya ja baya, a shigo masa har cikin yadi na 18. Ƙwallo ta biyu kamar an kwafo ta farko ce, sai dai wannan karon ta dama aka bi. Mutum uku suka yi kuskure kafin a iso gare shi, kuma wanda ya ce wa lamba biyu da lamba uku su riƙa hawa tare ni ne. An bar jaki ana dukan taiki, ni ma har na ɗaga sanda.

Mai tsaron baya da gola su ne mutanen ƙarshe, shi ya sa fuskarsu ce take fitowa a hoton da ake ta maimaitawa. Ɗan gaban da ya ƙi bin ƙwallon da ya zubar ba ya fitowa a maimaicin ko kaɗan.

Ka tuna wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka a Abijan, 11 ga Fabrairu 2024. Najeriya ta fara ci ta hannun William Troost-Ekong, Franck Kessié ya farke, Sébastien Haller ya ƙara, Kwaddibuwa ta ɗauki kofi. Washegari Alex Iwobi aka tasa a gaba da zagi a intanet, har sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi mutane su bari. To amma duba yadda aka jera wasan. Kocin Najeriya a lokacin, José Peseiro, ya sa mutum uku a tsakiyar baya da biyu a gefe, ya bar Iwobi da Frank Onyeka su biyu a tsakiya, suna fuskantar Kessié, Jean Michaël Seri da Seko Fofana, mutum uku. Iwobi ɗan wasa ne da ya saba karɓar ƙwallo yana kai ta gaba, sai aka ba shi aikin bin inuwa. Kuma ƙwallayen biyu duka daga ƙafar ɗan gefen Kwaddibuwa Simon Adingra suka fito, ɗaya bugun kusurwa, ɗaya kuros daga gefe. Ina Iwobi a ciki? Ba na cewa ya taka abin a zo a gani a daren. Ina cewa in mutum biyu suna tare uku na tsawon wasa, ko wa ka sa a wurin zai yi kama da wanda bai iya ba.

Shi ma Peseiro, kafin a ɗaure shi, a tuna cewa da wannan tsarin ne Najeriya ta kai wasan ƙarshe an ci ta ƙwallo biyu kacal a wasa shida, kuma da shi ta doke ita wannan Kwaddibuwar ɗaya da nema a rukuni. Sannan kwana huɗu kafin wasan, Najeriya ta yi minti 120 da bugun fenareti da Afirka ta Kudu, yayin da masu masaukin baƙi suka gama da Kongo a minti 90. Abin da za a iya tuhumarsa da shi, a ganina, shi ne jinkirin gyara tsakiya bayan kowa ya ga an danne su. Wannan tuhuma ce mai tushe. "Tsarin banza ne" kuwa magana ce ta ɓacin rai.

Batun riƙe ƙwallo

Ka ce kun fi su riƙe ƙwallo nesa ba kusa ba. Tambayata ita ce: ku kuka ƙwace ta, ko su suka bar muku? Akwai bambanci babba. Wata ƙungiyar da gangan take sakar maka ƙwallo a inda ba za ta cutar da ita ba, wato tsakanin 'yan bayanka da gola, ta cushe tsakiya, ta jira ka gaji ka yi fasin ganganci.

Sifaniya ta yi fasin sama da 1000 a wasanta da Rasha a Mosko a kofin duniya na 2018. Ƙwallon da aka rubuta mata ma ɗan Rasha ne, Sergei Ignashevich, ya ci gida. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka fitar da ita a fenareti. Bayan shekara huɗu a Katar ta sake maimaitawa da Maroko: ƙwallo tana ƙafarsu kusan duk wasan, Sofyan Amrabat yana tsaye a gaban 'yan bayansa kamar an kafa shi, aka tashi babu ci, a fenareti kuma ko ɗaya Sifaniya ba ta jefa ba. A 2010 Inter ta José Mourinho ta je Camp Nou, filin Barcelona, a karawa ta biyu ta kusa da ƙarshe a kofin zakarun Turai, da nasarar uku da ɗaya a hannu, aka kori Thiago Motta tun kafin minti 30, Samuel Eto'o, ɗan gaba sukutum, ya koma kamar mai tsaron baya na gefe. Barcelona ta yi ta juya ƙwallo, ta ci ɗaya a kusa da tashi ta hannun Gerard Piqué, Inter ta wuce. A duk wasannin nan uku, wanda bai riƙe ƙwallo ba shi ne ya zaɓi inda za a buga wasan.

Don haka in ina auna wa ya fi wasa, ba na kallon kason riƙe ƙwallo sai a ƙarshe. Dama nake ƙirgawa, kuma ba kowace ba. Ɗirkawa daga mita talatin, ga mutum biyar a gabanka, sunanta hari a takardar ƙididdiga, amma gola ko gumi ba zai yi ba. Ƙwallon da aka dawo da ita baya daga layin ƙarshe ta sami mutum a wurin bugun fenareti ba mai tare shi, wannan ita ce dama. Masu nazari suna da ma'aunin da suke kira xG, wanda yake ba kowane hari maki gwargwadon yadda irinsa ya saba shiga raga. Fenareti, misali, kusan uku cikin huɗu yana shiga, shi kuwa bugun nesa kaɗan ne cikin ɗari. Ma'aunin yana da amfani, amma ba sai ka jira shi ba. Ɗauki takarda, duk sanda ka miƙe tsaye daga kujera don ka ɗauka ta shiga, yi tsaga ɗaya a ɓangarenku. Duk sanda ka dafe kai don tsoro, yi tsaga a ɓangarensu. In an tashi su suna da biyar ku kuna da biyu, to ba ku fi su wasa ba, ko da ƙwallo ta kwana a ƙafarku.

In kuwa ku ke da bakwai su biyu, kuma biyun suka shiga, to ka yi haƙuri, ranar ce ba taku ba. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2012 a Munich, Bayern ta buga kusurwa 20, Chelsea ɗaya. Da wannan ɗayar Didier Drogba ya farke a minti na 88. Petr Čech ya tare fenaretin Arjen Robben a ƙarin lokaci, Chelsea ta ɗauki kofi. Duk mai goyon bayan Bayern da ya kwana yana neman wane tsari ne ya lalace, ya wahalar da kansa.

Canjin da koci ya yi

Nan ne mutane suka fi saurin yanke hukunci, domin canji abu ne da kowa yake gani, har allo ake ɗagawa. An cire wane, an ci mu, ke nan cirewar ce ta jawo. Ni hanyar da nake bi ita ce in kalli minti goma kafin canjin, ba bayansa ba. Me koci yake gani a lokacin? Shin lamba goma, ɗan tsakiya mai kai hari, ya daina dawowa? Shin ana ta wucewa ta gefensa ana samun lamba shida shi kaɗai? Shin sau biyu ko uku an kusa farkewa? In haka ne, wutar ta riga ta kama kafin canjin, koci ruwa ya kawo, sai dai bai isa ba. Amma in wasan yana hannunku, su ba su ko ƙetare tsakiya, lamba goma yana riƙe ƙwallo yana ba 'yan baya damar numfashi, sai aka cire shi don kawai agogo ya kai minti 65, to abokanka masu cewa tsoro ne suna da magana. Domin wani lokaci wanda yake tsare maka gida shi ne wanda yake riƙe ƙwallo a can gaba. Ka cire shi, duk ƙwallon da 'yan baya suka fitar sai ta dawo musu cikin daƙiƙa biyar, ƙungiya ta riƙa ja baya taku-taku ba tare da kowa ya ce a ja ba.

Sa ɗan tsakiya mai tare baya kuma ba kullum yake nufin an janye ba. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Santambul a 2005, Milan ta ci Liverpool uku kafin hutun rabin lokaci, Kaká yana yin yadda ya ga dama tsakanin 'yan tsakiya da 'yan baya. Kocin Liverpool Rafael Benítez ya sa Dietmar Hamann a madadin Steve Finnan, ya koma mutum uku a baya. Ana binka uku, ka sa mai tare baya! Amma zaman Hamann a gaban 'yan baya ne ya saki Steven Gerrard ya hau gaba, kuma cikin minti shida Gerrard, Vladimír Šmicer da Xabi Alonso suka farke duka. Da Milan ta ƙara ta huɗu, da har yau ana ba da labarin kocin da aka ci uku ya ƙara rufe gida.

Ni kaina na taɓa cire ɗan wasan da ya fi kowa haskawa a wani wasa, masu kallo suka yi ta ihu. Abin da ba su sani ba shi ne tun a hutun rabin lokaci yaron ya raɗa mini cewa bayan cinyarsa yana ja, muka yi da shi zai ƙara minti goma sha biyar. An farke mana bayan fitarsa. Ban fito na yi wa kowa bayani ba, don ba na so abokan karawarmu na gaba su san inda yake ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wani wasan kuma na bar wanda ya gaji a fili don ina tsoron surutu, aka ci mu ta wurinsa, kuma ba wanda ya zarge ni, saboda ba a ɗaga allo ba. Tun da aka mayar da canji biyar, a 2020 na wucin gadi sannan aka tabbatar a 2022, canjin da ba a yi ba ya cancanci tuhuma kamar wanda aka yi.

Raba tsari da aiwatarwa

Yanzu ga ainihin abin da ka tambaya. Ma'aunina mai sauƙi ne: abin da ya faru sau ɗaya na ɗan wasa ne, abin da yake ta maimaituwa na koci ne. In lamba biyar ya zame, ko ya yi fasin da bai kai ba, wannan nasa ne. In kuwa sau huɗu a wasa ɗaya ana samun sa shi kaɗai da ɗan gaba mai gudu a fili buɗaɗɗe, to wani ne ya tsara hakan, ko ya gani ya ƙi gyarawa. Ƙarin gwaji: in an sa wani a gurbin, shi ma haka ake yi masa? In ramin yana nan ko wa ya tsaya a wurin, ba sayar da mutum ne maganin ba.

Akwai alamar da take nuna umarni ne: mutane da yawa suna yin abu ɗaya a lokaci ɗaya. A wasan kofin duniya tsakanin Saudiyya da Ajantina a Lusail ta Katar, 22 ga Nuwamba 2022, 'yan bayan kocin Saudiyya Hervé Renard sun tsaya can kusa da tsakiyar fili a gaban Lionel Messi, abin da duk mai kallo zai kira ganganci. Amma su huɗun tare suke takawa gaba kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, aka soke wa Ajantina ƙwallo uku a zagayen farko saboda satar gida. Saudiyya ta ci biyu da ɗaya, ta yanke wa Ajantina wasa 36 da ta jera ba a doke ta ba. Da ɗaya daga cikin huɗun ya makara da taku ɗaya, da an ci su, kuma da laifin na wanda ya makara ne, tsarin kuwa yana nan daram. Haka nan in ka ga uku sun taka gaba, lamba biyar ɗinku shi kaɗai ya tsaya a baya ya halasta wa ɗan gaba, to ka kama shi da hujja.

Irin wannan ne batun fara wasa daga gola da gajeren fasin, wanda yake tayar wa magoya baya hankali. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya dawo masa da ita da ƙafa, a 2019 kuma aka ba 'yan baya damar karɓar bugun gola a cikin yadi na 18. Daga nan kociyoyi da yawa suka mayar da shi ƙa'ida. In gola ya ba lamba biyar ƙwallo a matse aka ƙwace, kafin ka ce "me ya hana shi ya fitar da ita?", ka lura ko haka suke yi tun farkon kaka. In haka ne, an hana shi fitarwa ne. Tambayar da ta dace da koci a nan ita ce ko yana da 'yan wasan da ƙafarsu za ta iya ɗaukar abin da yake nema. Tsari mai kyau a hannun waɗanda bai dace da su ba, laifin wanda ya zaɓa ne.

Kada kuma ka manta da waɗanda ba a ganin aikinsu sai ba sa nan. Real Madrid ta saki ɗan tsakiya mai tare baya Claude Makélélé zuwa Chelsea a 2003, a bazarar da ta ɗauko David Beckham, ba ta sake cin La Liga ba sai 2007. Chelsea kuwa a kakar 2004 zuwa 2005 ƙwallo 15 aka ci ta a gasar Firimiya gaba ɗaya. Rodri, lamba shida na Manchester City, ya ji rauni a gwiwa a wasan Arsenal a Satumba 2024, Manchester City da ta jera kofin Firimiya huɗu ta ƙare ta uku, 'yan bayan da ake yabo jiya suka koma abin zargi. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma duk wanda ya kalli wasanninsu ya ga ramin. Sau da yawa in lamba biyar ya fara "lalacewa", lamba shida ya kamata a duba.

Inda ganin mai kallo yake tsayawa

Ko ka bi duk wannan, akwai abin da ba za ka gani daga kujera ba, ni ma haka in ba ƙungiyata ba ce. Ba ka ji abin da aka faɗa a ɗakin sauya kaya ba. Ba ka san wa aka ɗora wa riƙe wa a bugun kusurwa ba, ko mutum-da-mutum ake yi ko kowa yankinsa yake tsarewa, alhali wanda ya fi kusa da mai cin ƙwallon ba lallai shi aka ba wa shi ba. Ba ka san wa ya buga da allura ba, ko wa bai yi atisaye ba duk mako. Shi ya sa nake ce wa mutane su riƙa cewa "abin da na gani", su rage "na tabbata".

Wasa ɗaya kuma bai isa shaida ba. Ita Ajantinar da Saudiyya ta doke ita ta ɗauki kofin bayan ƙasa da wata guda. Kwaddibuwa sai da Ikwatoriyal Gini ta zuba mata huɗu a gida, ta kori kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasar kofin Afirka, ta tsallake rukuni da ƙyar, sannan Emerse Faé ya kai ta ga kofi. Ni ba na sauya ra'ayina a kan ɗan wasa sai na ga abu ɗaya a wasa biyar ko shida, da abokan karawa iri-iri.

Game da lamba biyar ɗinku, nemi cikakken maimaicin ƙwallon, ba guntun da yake farawa daga yankan ba. In ka ga yana da abokin tsayuwa a kusa, lamba shida yana dawowa, ɗan gaban kuma yana can gefe inda ba hatsari, amma shi ya yi wuf ya kai ƙafa maimakon ya tsaya a kan sawunsa ya ja lokaci, to ya yi laifi, kuma laifin babba ne, don jinkirta mai ƙwallo na daƙiƙa biyu shi ne abin da ake fara koya wa mai tsaron baya. Duba kuma yadda ya tsaya: gefe ya juya yana tura ɗan gaban zuwa layi, ko ya buɗe ƙafa biyu a jere yana fuskantarsa, yadda ko ta ina aka bi sai ya juya kafin ya bi? In kuwa ka tsayar da hoton ka ga shi kaɗai ne, sauran suna can gaba suna dawowa da sassarfa, ɗan tsakiyar da aka sa don ya tare baya ma yana gaban ƙwallo, to ka kai wa abokanka hoton, ka tambaye su wanda aka sa don rufe gida me yake yi a can.